Azurfar da ba a ɗora ta kan sikeli

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka ce in duba maka kasuwar azurfa a nan Ingila. To na duba, amma abin da na tarar ya sha bamban da namu na Kurmi.

Ranar Asabar na shiga wani ɗan shago a birnin Yok, inda ba a sayar da komai sai tsofaffin kuɗi. Mai shagon ya miƙo mini wani kwabon azurfa na zamanin Sarki Edward na Ɗaya, cikin waɗanda aka fara bugawa a 1279. Siriri ne kamar ɓawon albasa, ya yi baƙi, bai kai giram ɗaya da rabi ba. Wai fam 45! Na ce ina sikeli? Ya yi dariya. Su nan ba nauyi suke saye ba. Fuskar sarkin suke dubawa, ko ta goge ko tana nan, da sunan garin da aka buga shi. Gicciyen da ke bayansa ya kai har baki. Tun 1247 ake yin haka don a gane in wani ya yanke gefen ya saci azurfa. Ashe ha'inci ba yau ya fara ba.

Na sa babban yatsa zan murza shi, sai ya yi wuf ya karɓe. Wai in an goge, daraja ta faɗi. Kai da toka da lemun tsami, da ka ja masa asara.

Abin da ya burge ni shi ne takarda. Kowane kwabo da 'yar takardarsa, kuma ya ce in ya fito jabu a dawo masa da shi. Wanda ya tono tarin irin waɗannan a gona kuwa, dokar 1996 ta ba shi kwana 14 ya sanar da hukuma. Haka aka yi da guda 617 da aka tono kusa da garin Harrogate, nan Ingila, a 2007, har da dirhamomin Samarkand masu rubutun Larabci a ciki.

Na tambaye shi liyarin nan na Hajiya, tsohon kuɗin azurfa mai hoton mace. Ya ce kusan duk 1780 ne a jikinsu, don an yi ta sake buga su da shekarar, saboda haka kuɗinsa bai wuce na azurfarsa da yawa ba. Wannan kam sai sikelinka. A gaida su Inna.