Aji ko Bakin Gado: Ina Za a Koyar da Kula da Mai Ciwon Ajali?

Malamai matasa sun sha tambayata: a ina ya kamata ɗaliban likita su koyi ladubban aiki da sassauta wa wanda ciwonsa ya ƙi jin magani?

Aji ba shi da tsada. Malami ɗaya zai tara ɗalibai da yawa ya koya musu matakai uku na rage raɗaɗi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986, daga farasitamol har zuwa mofin. Kuskure a nan ba ya cutar da kowa. Sai dai abin da aka haddace don jarrabawa yakan tafi tare da ita.

Bakin gado kuwa sai da ƙwararren likita, da ɗalibai kaɗan, da yardar majinyaci. A nan ɗalibi zai ga babban ɗa ya ja likita gefe yana raɗa, "Don Allah likita, kada a gaya wa Baba." Alhali Baba na da haƙƙin sanin ciwonsa. Wanda ya ga yadda aka warware wannan ba ya mantawa. Haɗarin shi ne ɗalibin da bai shirya ba ya saki maganar da za ta karya wa iyali zuciya.

'Yan shekarun farko, da makarantar da ke da ƙarancin malamai, aji ya fi musu. Waɗanda suka fara zagayen ɗakunan jinya kuwa, a kai su bakin gado.