Kafin ki zuba kuɗinki a sanskirin, ga abin da ya kamata ki duba a jikin roba

Yanzu duk mai sayar da kayan gyaran fata a Instagram ko WhatsApp sai kin ga ta ɗora sanskirin, wato man kare fata daga rana, kala-kala, wannan na Koriya wancan na Faransa wancan kuma wai haɗin gida, kuɗin ma ba kaɗan ba, mutum ya rasa wanne zai ɗauka. Toh ni dai abin da na fahimta shi ne yawancinmu lambar SPF ɗin nan kawai muke kallo, in mun ga 100 sai mu ce ai wannan ya fi ƙarfi, alhali matsalar da ta fi damun fata irin tamu ba ita wannan lambar take aunawa ba.

Hasken rana mai ɓata fata wanda ido ba ya gani iri biyu ne, UVB da UVA. UVB shi ne mai ƙona saman fata, shi ke sa Bature ya yi jajir in ya sha rana, kuma shi lambar SPF take aunawa. UVA kuwa ba ya ƙuna nan take amma yana shiga can ƙasan fata, shi ne mai dusashe fuska, mai sa tabon kuraje ya ƙi tafiya wata da watanni, mai kawo baƙin nan na kumatu da goshi da yamushewa tun shekaru ba su kai ba, yana ratsa gajimare yana ratsa gilashin mota da na taga, kuma a cikin biyun nan kusan kashi 95 na abin da ke isowa ƙasa shi ne. Mu baƙaƙen fata Allah ya ba mu kariya tun asali, masana sun kimanta ta kai kamar SPF 13, shi ya sa ba kasafai muke ƙonewa ba, amma duhu da tabo da fuska kala biyu ai kullum muna gani. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi lokacin bazara ma'aunin ƙarfin hasken nan da tsakar rana yana kaiwa 11 har ya wuce, wanda shi ne matakin ƙarshe na haɗari, kuma hazon hunturu bai hana shi saukowa gaba ɗaya.

Ita lambar SPF kada ta ruɗe ki. SPF 15 yana tare kusan kashi 93 na UVB, 30 yana tare kashi 97, 50 kuma kashi 98. Kin ga tsakanin 30 da 50 ba wata tazara ba ce, daga 50 zuwa sama kuwa yawanci kuɗi ne kawai ke ƙaruwa. In aikinki na cikin gida ne ko ofis 30 ya isa, in kuma kina wuni a waje, kasuwa ko gona ko makaranta da tafiyar ƙafa ko hawa adaidaita kullum, ɗauki 50. Abin da za ki tsaya ki nema da kyau shi ne alamar UVA. Na Amurka suna rubuta Broad Spectrum, na Turai za ki ga haruffan UVA a cikin ɗan da'ira, ma'anarsa kariyar UVA ɗin ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lambar SPF, na Japan da Koriya kuma PA suke sawa da alamar tarawa, PA+++ ko PA++++ shi ake so. Duk robar da ba ta da ɗaya daga cikin ukun nan ki mayar musu da abinsu ko da an rubuta SPF 100.

Sai kuma abin da aka haɗa shi da shi, nan ne ake ta musu. Akwai wanda ake cewa minaral, in kin juya bayan roba za ki ga zinc oxide ko titanium dioxide. Kyawunsa ba ya cika yaji a ido, ba ya tayar wa mai fata mai saurin ƙaiƙayi da hankali, shi likitoci suka fi ba yara da masu ciki. Amma dan Allah a faɗi gaskiya, a kan baƙar fata yawancinsa furu-furu yake bari, fuska ta yi fari-fat kamar an shafa toka, musamman gefen gira da bakin gashi da gemu in namiji ne, kuma duk wadda ta ga kanta haka a madubi sau biyu ba za ta sake shafawa ba, an yi asarar kuɗi kenan. Ɗaya irin shi ne na kemikal, za ki ga sunaye irin su avobenzone, octocrylene, homosalate, ko sababbin da Turai da Asiya ke amfani da su irin Tinosorb da Mexoryl da Uvinul A Plus waɗanda sun fi jure rana kuma sun fi tare UVA. Wannan shi ne ke nutsewa cikin fata ba ya barin fari, shi ya sa ya fi karɓuwa a wajenmu, irin su Biore UV da Skin Aqua da Nivea Sun da La Roche-Posay Anthelios yawancinsu nan suka faɗa. Illarsa in gumi ya gangaro da shi cikin ido akwai yaji sosai, wasu kuma yana fito musu da ƙananan kuraje, sannan masu ruwa-ruwan nan da yawa akwai alkohol a ciki, da zafi suna da daɗi ba maiƙo amma da hunturu mai busasshiyar fata za ta ji fuskarta na ja.

Akwai na uku da ba a cika magana a kansa ba kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai fama da baƙin kumatu, wato mai kala, wanda yake kama da fandeshan. Ana sa masa iron oxides, su kuma suna tare hasken da ido ke gani, wanda bincike ya nuna shi ma yana ƙara duhun tabo a fata mai duhu, sanskirin mara kala kuwa ba ya tare shi sosai. Matar da ciki ko maganin tazarar haihuwa ya fito mata da baƙi-baƙi a fuska wannan za ta nema. Matsalar kawai samun kalar da ta zo daidai da fatarki, da yawa an yi su ne don fararen fata, don haka ki gwada a gefen muƙamuƙi ki fita waje ki duba a hasken rana kafin ki biya, hasken cikin shago yana yaudara.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin abin da ke yanke hukunci. Lambar da aka rubuta a roba an auna ta ne da shafa mai kauri, miligiram 2 a kowane santimita murabba'i na fata, wanda a aikace shi ne ki ja layi biyu tun daga gindin ɗan ali da na tsakiya har kan yatsa, wannan na fuska da wuya ne kawai. In kika ɗan ɗiga kika murza don kada ya ƙare, SPF 50 ɗinki bai kai rabin aikinsa ba. Ki yi lissafi, shafa ɗaya ya kai mililita (mil) ɗaya da ɗan wani abu, robar mil 50 kenan shafa arba'in ce, in sau biyu a rana kwana ashirin ta ƙare. Shi ya sa nake cewa gara ki sayi babbar roba ta mil 150 ko 200 mai sauƙin kuɗi wadda za ki lafta ba tare da zuciyarki ta yi zafi ba, da ki sayi 'yar ƙarama mai tsada kina lallaɓa ta wata huɗu. Na jiki ma ana shafa shi a fuska in bai fito miki da kuraje ba, ba dole sai wanda aka rubuta na fuska ba.

Sabunta shafawa kuma ƙa'ida duk awa biyu ne in ana cikin rana. Mu da muke alwala abin ya zo da sauƙin tunawa, ki shafa da safe kamar minti goma sha biyar kafin fita, in kin yi alwalar azahar kin goge fuska ki sake, don ruwa da goge-goge sun tafi da na safe kuma lokacin ne rana take tsakiyar ƙarfinta. Wanda aka rubuta water resistant minti 40 ne ko 80 yake jure ruwa da gumi, ya dace da mai yawan zufa, amma yana da ɗan danƙo, in kina da shakka kan isar ruwa ga fata sai ki wanke da sabulu kafin alwala ko ki tambayi malami. Masu tafiya Hajji ko Umara ku nemi mara ƙamshi saboda harami, a haɗa da lema, ranar Arfa ba wasa ba ce. Na feshi da na sanda da hoda mai SPF suna taimakawa wajen ƙari a kan kwalliya, amma su kaɗai ba sa isa, babu mai shafa hoda da kaurin da ake buƙata.

Mutum biyu ne nake roƙo kada su ɗauki wannan a matsayin gayu. Na farko 'yan uwanmu zabaya, su kansar fata ce ke cin su tun suna matasa, kunne da wuya da leɓe da bayan hannu, su nasu SPF 50 ne zuwa sama kullum, da malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu da tabarau, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka sanskirin cikin jerin magunguna masu muhimmanci musamman saboda su. In akwai yaro zabiya a gidanku ko unguwarku, sayen roba ɗaya a ba iyayensa sadaka ce babba wallahi. Na biyu masu shafa man bilicin. Mayukan nan masu hydroquinone da sitiroyid suna rage kariyar da fata ta zo da ita suna sirantar da ita, abin da ake kira sanbon a kumatu daga nan yake, wani ma ya zama baƙi mai shuɗi-shuɗi da ba ya fita. Sanskirin zai rage ɓarnar amma ba zai gyara ba matuƙar ana ci gaba da shafawa, a je a ga likitan fata ya nuna yadda ake bari a hankali. Haka mai amfani da retinol ko mayukan ɓare fata, ko mai shan doxycycline saboda kuraje, rana ta fi kama su. Masu haɗa lemon tsami a kayan gyaran jiki kuma a wanke tas kafin a fita, ruwansa in ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar tabo.

Man kaɗanya da man kwakwa da basilin suna da kyau wajen laushin fata amma ba sa tare rana yadda za a dogara da su, sanskirin da ake haɗawa a gida a zuba a roba a liƙa takarda kuma babu wanda ya auna shi, kada ki saya. Jabu ya yi yawa musamman na sunayen da suka yi tashe, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki da lambar bac, wato lambar rukunin da aka yi shi a kamfani, ki saya a babban kantin magani ko wajen wanda kika yarda da shi, in kuɗin ya yi araha fiye da kima akwai dalili. Wanda aka shanya a tebur cikin rana shi ma a bar shi, zafi yana lalata shi, ke ma kada ki bar naki a mota, in kin matsa kin ga ruwa daban mai daban ko warinsa ya canza ya tashi aiki. Jariri da bai kai wata shida ba ba a shafa masa, inuwa da sutura ce tasa, in an goya shi a rufa masa kai da yadi mara nauyi yadda zai sha iska. Hijabi da mayafi ma suna karewa, amma yadi mai kauri mai duhu ya fi shara-shara, ki ɗaga shi saitin rana, in kina hango haske ta cikinsa to hasken ma yana isa fatarki, fuska da bayan hannu da saman ƙafa kuma dama a waje suke, su za ki fara shafawa.