Gogewa ko Gargaɗi: Littattafan Dahl da Wasan Tomb Raider a Sikeli Ɗaya

Malama, kin tambaya a zauren nan cewa idan tsohon littafi ko tsohon wasan bidiyo yana ɗauke da raini ga wasu mutane, wanne ya fi: a goge a sake rubutawa, ko a bar shi yadda yake a sa gargaɗi a gaba? Kin ce yaranki suna karanta littattafan Turanci, suna kuma buga wasanni a waya da kwamfuta. To, an gwada hanyoyin biyu, shekara ɗaya tsakani.

Ta farko ita ce ta kamfanin Puffin na Ingila. A Fabrairun 2023 jaridar Telegraph ta bankaɗo cewa an yi ɗaruruwan sauye-sauye a littattafan yara na Roald Dahl, wanda ya rasu tun 1990. An bi kalmar ƙiba ana cirewa. Yaron nan mai haɗama na labarin masana'antar cakulan, da aka siffanta da ƙiba a da, ya koma ƙato kawai. 'Yan ƙwadagon masana'antar, wato Oompa-Loompa, sun tashi daga ƙananan maza sun koma ƙananan mutane. Bayanin da aka yi wa mai saye bai wuce 'yan layuka a shafin haƙƙin mallaka ba, shafin da ko manya ba sa tsayawa su karanta. Marubuci Salman Rushdie ya yi tir da abin, ofishin Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ma ya sa baki. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya sanar zai ci gaba da buga littattafai 17 da tsohon rubutunsu, mai so ya zaɓa.

Ta biyu ita ce ta kamfanin wasannin bidiyo na Crystal Dynamics. A Fabrairun 2024 aka sake fitar da wasannin Tomb Raider uku na farko, waɗanda suka fito tsakanin 1996 da 1998, an gyara musu hoto. Da ka kunna, sanarwa ce za ta fara tarbarka: wasannin na ɗauke da siffanta wasu al'ummu cikin wariyar launin fata da ƙabilanci, kamfanin bai yarda da hakan ba, amma ya zaɓi ya bar su yadda suke don a ga illar a koyi darasi. A na ukun akwai mutanen tsibiran kudancin tekun Fasifik da aka nuna a matsayin masu cin naman mutane. Suna nan, ba a taɓa su ba.

Idan aka auna, ta biyun ta fi gaskiya, domin ba ta ɓoye wa kowa abin da aka yi a da ba. Amma ga yaro ɗan shekara tara ba ta da wani amfani. Danna maɓalli ɗaya zai yi sanarwar ta wuce, hoton baƙin mutum riƙe da makami kuwa shi zai zauna masa a ka. Gargaɗi na babba ne, wanda zai karanta ya gane. Kuma a gaskiya shi ne mafi arha ga kamfani: layi biyar, an wanke hannu, ciniki ya ci gaba.

Masu kukan an taɓa rubutun Dahl na asali kuwa, akwai abin da yawancinsu ke tsallakewa, kuma mu ya fi shafa. A bugun 1964, 'yan ƙwadagon nan baƙaƙen gajerun mutane ne da mai masana'antar ya kwaso daga dajin Afirka, ya shigo da su masana'antarsa cikin akwatuna masu huda don su samu numfashi, yana biyansu da 'ya'yan koko. Ƙungiyar NAACP ta baƙaƙen fatar Amurka ta yi ƙorafi, a bugun 1973 Dahl da hannunsa ya mai da su fararen mutanen wata ƙasar almara. Ke nan abin da ake kira na asali yau, shi ma gyararre ne. Ban ga uwar da za ta so a miƙa wa ɗanta na 1964 a aji ba. Bambancin gyaran biyu shi ne, na farko mai littafin ne ya yi, kuma ya cire abin da ke da nauyi. Na 2023 wasu ne suka yi a bayan ransa, suka bi ƙananan kalmomi suna tsincewa har rubutun ya rasa yajin da yara ke sonsa dominsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma sai in kayan naka ne.

Ga 'yan'uwan da suka ce miki duk wannan shagwaɓar Turawa ce, su tuna mu ma mun ci moriyarta. A 2012 kamfanin Activision ya janye wani filin daga na wasan Call of Duty: Modern Warfare 2, wanda ya fito tun 2009, bayan Musulmi sun gano an rubuta hadisin da ke cewa Allah kyakkyawa ne yana son kyau a jikin firam ɗin wani hoto da ke rataye a banɗaki. An gyara, an dawo da filin. Nintendo ma ta sauya wani sauti mai kama da zikiri da tambarin wata da tauraro a bugu na baya na wasan Zelda na 1998. Da a ce sanarwa kawai aka manna aka bar rubutun a banɗakin, wa zai yarda a cikinmu? Wanda abin bai taɓa ba ne ke ganin gyara ɓata lokaci.

Inda littafi da wasa suka rabu shi ne abin da ke faruwa da tsohon. Littafin da ke kan kantarki babu mai shigowa ɗaki ya sauya masa shafi. Wasa kuwa ta intanet ake sabunta shi, ki kwana da abu ki tashi babu. A 2021, da Rockstar za ta fitar da sababbin bugu na wasannin Grand Theft Auto uku, inda aka cire tutar 'yan awaren jihohin kudu na ƙasar Amurka masu goyon bayan mallakar bayi daga rigar wani mutum, sai ta janye tsofaffin daga kasuwar intanet. Sai da masu saye suka yi ca a kanta, galibi saboda sabon bugun ya zo cike da matsaloli, sannan ta dawo da na kwamfuta. Wannan ya fi damuna a kan cire tuta ko kalma.

Saboda haka ga abin da zan zaɓa. Kayan yara a gyara abin da ya kai a gyara, kamar akwatunan nan, a rubuta ɓaro-ɓaro a bango cewa gyararre ne, tsohon kuma a bar shi a kasuwa. Kayan manya a bar su da gargaɗinsu, ban da irin na banɗakin nan. Idan za ki sayi Dahl, duba tambarin: Puffin na bayan gyaran shi ne sabon rubutu, jerin 17 ɗin nan kuma da tambarin Penguin, uwar kamfanin Puffin, suke fitowa. Grand Theft Auto da Call of Duty kuwa, da gyara da babu gyara, ba na yara ba ne, duba lambar shekarun da ke jikin kwali kafin ki biya.