Ƙaramin risho mai gwangwanin gas da kamp gas: na gwada duka biyun, ga abin da na gani

Tun bayan ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle, na sa wa raina cewa dole a samu jaka ɗaya a gidana wadda in wani abu ya taso za a sungume ta kawai a fita. Ƙanwar matata tana aure a Gwange, da ruwa ya ci unguwarsu sun fita da yara da ɗan garin masara da shinkafa da suka iya ɗauka amma wallahi abin da ya fi ba su wahala shi ne inda za su dafa, itace ya jiƙe, gawayi ya jiƙe, babbar tukunyar gas mai kilo 12.5 kuma wa zai ɗauke ta a ka cikin ruwa? Ga abinci a hannu ga yara na kuka. Wannan labarin ne ya kai ni Sabon Gari a Kano neman ƙaramin abin girki.

Abin da na fara saya shi ne risho ɗin nan mai faɗi kamar faranti, wanda yake zuwa a akwatin roba mai hannu, ana sa masa gwangwanin gas dogo a gefe a kwance. Asalin wannan samfurin na Japan ne, kamfanin Iwatani ya fito da shi tun 1969, amma waɗanda suka cika kasuwarmu yawanci 'yan Chana ne, nawa ma haka. Gwangwanin gram 220 ne. Za ka buɗe murfin gefe, ka daidaita ɗan tsagin da ke bakin gwangwanin da wani ɗan ƙarfe, ka danna hannu ƙasa ya kulle, sai ka murɗa ka ji ƙas, wuta shuɗiya ta tashi, ba ashana ba leta.

Gaskiya a wajen tafiya ban ga na biyunsa ba. Mun je Yankari da abokai a lokacin hutun ƙarshen shekara, muka kwana biyu a sansanin Wikki, da asuba bayan sallah na ajiye shi a kan bencin siminti na ɗora buta, kafin in gama yanka burodi ruwa ya tafasa. Abin da ya fi burge ni shi ne zamansa daram a ƙasa, gajere ne, ko yaro ya gitta ba zai tuntsure ba, kuma wutar tana jin magana, in ka rage ta ragu har ka iya turara shinkafa ba ta kama ba. Tukunya ba ta baƙi, abinci ba ya warin kananzir irin na risho mai lagwani da muka taso da shi. Indomie da ƙwai na mutum biyar muka yi a kai sau biyu, da shayi ban san adadi ba.

To amma fa yana da nasa. Na farko iska. Hunturu ne lokacin, da iska ta kaɗa sai wutar ta kwanta gefe guda, zafin ya bi iska, sai da muka jingina katakon yanka nama da jaka muka tare ta. Na biyu sanyi, gas ɗin da ke cikin gwangwanin butan ne, shi kuma in sanyi ya yi yawa ba ya tashi da ƙarfi, ga shi dama in yana ci gwangwanin ƙara sanyi yake har ka ga raɓa a jikinsa. Wani abokina da ke Jos ya ce da safiyar Janairu sai ya rungume gwangwanin a cikin rigar sanyi na ɗan lokaci kafin wutar ta yi ƙarfi. Ɗumin jiki kawai, don Allah kar wanda ya kai shi kusa da wuta wai don ya ɗumama.

Babbar matsalar dai gwangwanin ne kansa. In ka buɗe wuta sosai, awa ɗaya da 'yan mintuna ya ƙare, a hankali kuma ya kai awa biyu. Wake ko ganda kam ka manta. Kuma ba a ko'ina ake samunsa ba, a Kano da Abuja da Kaduna za ka samu a manyan shaguna, amma da namu ya ƙare a hanyar dawowa na tambaya a shago ya fi biyar a Alkaleri, wani maganin sauro na feshi ya miƙo min don shi ne mai kama da shi a shagon. Ranar na gane cewa abin da ba za ka iya cika shi a garinku ba, ba shi za ka dogara da shi ranar tashin hankali ba. Akwai masu ɗura wa gwangwanin gas daga babbar tukunya da wata 'yar mahaɗa, ni ban yarda da wannan ba sam, gwangwanin siriri ne, sau ɗaya aka yi shi a yi amfani da shi a yar.

Shi ya sa na koma na sayi kamp gas, 'yar tukunyar nan mai kilo 3 da ake murɗa mata kai a sama, wadda ɗalibai da masu shayi da 'yan bautar ƙasa suka sani. Ku yi lissafi da kanku, kilo 3 ya fi gwangwani 13 na gram 220, kuma duk mai sai da gas a bakin titi zai ɗura maka ko kilo ɗaya kake so, daidai kuɗinka. A gidana in muka lallaɓa, shayi da ɗumame da girki ɗaya a rana, tana kai mu mako biyu. Aibinta nauyi, in ta cika ka yi tafiya da ita mai nisa kafaɗa za ta gaya maka, sannan doguwa ce, tukunyar girki tana can sama, in ƙasa ba ta daidaita ba ko akwai yara masu rarrafe hankalinka ba zai kwanta ba. Kan da aka haɗo min da shi ma bai yi wata biyu ba ya fara huci ta wajen robar, sai da na shafa kumfar omo na ga tana ƙwai-ƙwai na gane, na canja wani mai nauyi. In za ku saya ku sa mai shagon ya ɗaura ya kunna a gabanku, ku shinshina, ku duba robar, ku kuma duba shekarar da aka buga a jikin tukunyar, mai tsatsa a gindi ko lotsawa ku bar masa abinsa ko da rabin kuɗi ne.

Abu biyu ne nake roƙon duk wanda zai sayi mai gwangwanin ya riƙe. Kar a ɗora masa faffaɗar tukunya ko tandar masa da za ta rufe saman inda gwangwanin yake, zafi yana dawowa kansa ne, kuma haka suke fashewa. Nawa yana da abin da ke sakin gwangwanin in ya yi zafi, amma ban taɓa bari ya kai nan ba. Sannan ko wanne iri ne, ba a girki da shi cikin tanti ko ɗaki a rufe ko mota, akwai iskar da ke fita ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da barci shi ke nan. Dattawanmu da suka yi aikin Hajji a 1997 suna tuna gobarar Mina da ta ci sama da mutum 300, daga tukunyar gas a cikin tanti ta tashi, bayan nan ne aka yi tantunan da wuta ba ta ci.

Da a ce yau zan sake saye, mai gwangwanin zan nema amma irin wanda yake da baki na biyu a baya da ake jona masa tiyo zuwa tukunyar gas, na gan shi daga baya a wajen maƙocina, bambancin kuɗin ba yawa, a gida ka jona shi da kamp gas ko babbar tukunya, in tafiya ta kama ka cire tiyo ka sa gwangwani. Yanzu dai a jakar tawa akwai risho ɗin da gwangwani huɗu da ashana a cikin leda da 'yar tukunya da cokali, tana rataye a inuwa nesa da kicin, a mota kuma ba na barin gwangwani ko na awa ɗaya saboda zafin ranar Kano. Kamp gas ɗin tana bayan ƙofa a cike, na ce wa maman yara ko gas ɗin kicin ya ƙare ta kira ni in je in ɗuro, wannan kar a taɓa ta.