Manhajar ba da maki ko gwajin hannu: wanne ke nuna bayanin tul mai kyau

Ɗan'uwa na Madina, kan ko ka biya manhajar nan mai ba bayanin tul maki ko ka zauna ka gwada da kanka, ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka ka gwada da kanka. Tul dai ɗan kayan aiki ne da ake jona wa AI ya kira ya yi masa wani aiki, bayaninsa kuma shi ne rubutun da ke gaya wa AI ɗin abinda tul ɗin yake yi.

Abinda nake da shi ejan ne na WhatsApp, wato AI mai amsa saƙo yana kiran tul da kansa, da na haɗa wa wani ofishin masauki a Makka wajen Misfala, masu turo saƙo yawanci mutanenmu ne ƴan Umra daga Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Tul biyu ne manya a ciki, ɗaya na duba ɗaki da farashi ɗaya na kama ɗakin. Ka sani fa AI ɗin baya ganin abinda ke cikin tul ɗinka ko kaɗan, suna kawai yake gani da bayanin da ka rubuta da guraben da zai cika, haka abin yake tun da OpenAI suka fito da tsarin kiran tul a Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, wato ƙa'idar jona tul da AI da kamfanin Anthropic suka saki a Nuwamban 2024. Kamar yaron shago ne da ya sauka Jidda jiya, yana da kaifin kai amma bai san komai na shagon ba sai abinda ka rubuta masa a takarda.

To gwajin hannu yadda nake yi, sai in kwaso tsofaffin saƙonnin kwastomomi na gaske in goge sunaye da lambobi, kowanne in rubuta a gefe wane tul ya kamata a kira da me za a cika, da waɗanda ma bai kamata a kira komai ba, sannan in zuba wa ejan ɗin in zauna in karanta abinda yayi ɗaya bayan ɗaya. Wallahi a nan ake ganin gaskiya. Akwai saƙon wata Hajiya, cewa tayi "ɗana ina son ɗaki kusa da Harami goman ƙarshe mu huɗu nawa ne", tambayar kuɗi kawai tayi amma ejan ya tafi kai tsaye ya kira tul ɗin kama ɗaki, saboda bayanan tul ɗin biyu duk da kalmar ɗaki suka fara kuma babu wanda ya faɗi lokacin da ba a amfani da shi. Na ƙara jimla ɗaya cewa kar a kira wannan sai kwastoma ya ji farashi ya ce ya amince. Gurbin kwanan wata ma na rubuta ɓaro-ɓaro cewa miladiyya yake karɓa, shekara sannan wata sannan rana, in an faɗi na hijira a juya da kalandar Ummul Ƙura a kuma tabbatar da mai saƙon. Farashi na ce riyal ne kuma harajin kashi 15 na ciki. Da na sake zuba saƙon nata sai ejan ya duba farashi ya kawo, sannan ya tambayeta cikin ladabi ko goman ƙarshen Ramadan take nufi. Ranar naji daɗi sosai, don dattijuwa irin wannan kuɗin da ta daɗe tana tarawa ne, bai kamata a kama mata ɗakin da bata ce ba.

Ita kuwa manhajar ba da makin na taɓa biyan kuɗin irinta, tsohon bayanin nan da ya kama wa Hajiya ɗaki maki mai yawa ta ba shi don yana da tsawo kuma turancinsa ya tsaru. Tana iya nuna maka gurbin da ka bari ba bayani, iyakarta kenan a wajena, wannan kuwa da idonka ma zaka gani.

Baka tambaya ba amma dan Allah kayi hattara da masu tallan tul haɗaɗɗe a Telegram suna cewa ka jona kawai ya fara aiki. Tunda AI ɗin yana ɗaukar bayanin tul kamar umarni ne, mugu na iya ɓoye magana a ciki ya ce a kwaso fayil kaza a tura masa kar a gaya wa mai shi, kai kuma guntun bayani kawai kake gani a allo. Masu bincike na Invariant Labs sun nuna hakan a Afrilun 2025 a kan MCP. Wani ma sai ka jona lafiya lau daga baya ya canza bayanin. Mu da muke riƙe da hoton fasfo da lambobin alhazai wannan amana ce babba. Duk wanda yaƙi buɗe maka cikakken bayanin ka karanta kafin ka biya, ko ya nemi ka turo masa makullin asusunka, ka rabu da shi ko da ɗan garinku ne.

Ka fara da saƙonnin ofishinku na Ramadan da ya wuce don su suka fi rikici, ka tabbata ka sa masu haɗa Hausa da Larabci a ciki, kuma duk sanda ka taɓa ko kalma ɗaya ce a bayanin ka sake zuba su gaba ɗaya, don gyaran tul ɗaya yakan sa ejan ya daina kiran na kusa da shi.