Aikin ƙarin mahaifa da HIFU: abin da na gani bayan wata bakwai

Wata bakwai ke nan da aka ƙone mini ƙarin mahaifa ba tare da wuƙa ta taɓa ni ba. Mata sun yi ta tambayata, na ce bari in rubuta kowa ta huta.

Ana kiran hanyar HIFU. Sauti ne da kunne ba ya ji, irin wanda ake duba mai ciki da shi, amma ƙarfin ba ɗaya ba ne. Ƙarfin na hoton ciki bai kai wat (ma'aunin ƙarfi) 1 a kan murabba'in santimita ba, wannan kuwa a inda aka tattara shi yakan kai ɗaruruwa har dubbai. Likitar ta kwatanta mini da gilashin da yara ke ƙona takarda da shi a rana: sautin zai ratsa fata da tsoka a baje, sai a ɗigon da ya haɗu, wurin da bai wuce 'yan milimita ba, zafi ya kai wajen digiri 60, naman ya mutu cikin daƙiƙoƙi. Tun 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi ga wannan cuta.

Kusan awa uku na yi kwance rubda ciki a na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, an aske mini mara, an sa robar fitsari, maɓallin tsayarwa a hannuna. Kowane harbin sautin kamar daƙiƙa 20 ne, sai a dakata wurin ya huce. Na farko-farko ɗumi kawai na ji. Da aka ƙara ƙarfi sai ya koma murɗar mara irin ta al'ada mai tsanani. Can sai wani zafi ya tsarga mini ƙafar hagu har idon sawu, na danna maɓallin ba shiri.

"Sannu, Hajiya, daidai kika yi," in ji likitar. Ta ce ƙashin baya yana shan sautin fiye da tsoka, ga jijiyoyin ƙafa a kusa da shi. Ta rage ƙarfi, ta karkata kusurwar, zafin bai dawo ba.

Ƙorafina ɗaya ne: takardar da asibitin suka ba ni cewa ta yi ba zafi. Wallahi akwai. Har da ɗan bororo da ya fito mini kusa da tsohon tabon tiyata, ya yi sati kafin ya bushe.

Amma a ranar na koma gida, kwana uku na koma aiki. Zubar jinin da ta kai ni ga shan maganin ƙarin jini ta ragu sosai a wata na uku. Ƙarin mahaifar bai ɓace ba, motsewa yake yi a hankali, jiki na kwashe mataccen naman. Kuma ba kowa ake yi wa ba; idan hanji ya tare hanya, iskar cikinsa ba ta barin sautin ya wuce lafiya. Ni dai da za a mayar da ni baya, shi zan sake zaɓa. Wata mai zuwa zan koma hoto a sake auna girmansa.