Wata takwas ina koyon Faransanci da Anki

Kafin in san Anki, wata manhajar bita da katuna, na shafe kusan shekara guda da wata manhajar koyon harshe, irin mai ƙirga maka kwanakin da ka jera ba fashi. Kwanaki sun taru, amma ranar da na kunna rediyo na ji ana labarai da Faransanci, kalma biyu ko uku kawai na tsinta. Abin ya yi min ciwo, don da gaske nake son harshen nan.

Anki ba ta da wata kwalliya. Kati ne kawai, gabansa tambaya, bayansa amsa. Ka duba, ka yi ƙoƙarin tunowa, sannan ka buɗe amsar ka faɗa mata gaskiya: ka manta ne, ko da ƙyar ka tuno, ko ka tuno daidai, ko kuwa ba ka ko yi tunani ba amsar ta zo. Da abin da ka danna take tsayar da ranar da katin zai dawo. Wanda ka manta zai sake fitowa nan da 'yan mintoci, wanda ya zauna maka kuwa sai bayan kwanaki, daga nan makonni, har ya kai watanni. Damien Elmes ne ya ƙirƙiro ta a 2006, sunan Anki kuma kalmar Japananci ce mai nufin hadda. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, shi ya sa bitar da ake tsakaitawa ta fi wadda ake yi a zama ɗaya amfani.

Da farko na sauko da katunan da wasu suka riga suka haɗa, kalmomi dubbai a jere. Mako biyu na yi na ajiye su. Kalmar da ban taɓa cin karo da ita ba, ba ta da inda za ta maƙale a kaina. Al'amarin ya canza ne da na fara rubuta katunana da hannuna. RFI, gidan rediyon Faransa, suna da wani shiri, Journal en français facile, labaran duniya na minti 10 cikin sauƙaƙan Faransanci, kuma suna saka rubutun abin da aka faɗa a intanet. Kullum da daddare sai in saurara sau ɗaya ba tare da rubutun ba, sannan in sake ji ina bin sa da ido, in ciro jumla biyar ko shida da suka ba ni wahala. Jumlar nake sakawa ɗungurungum, ba kalmar ita kaɗai ba. A haka na kama grève, wato yajin aiki, da cessez-le-feu, tsagaita wuta, kuma duk sanda katin ya fito har muryar mai karanta labaran nake ji.

Inda ta fi yi min rana shi ne jinsin kalmomi. Mu ma muna da namiji da mace a Hausa, sai na ɗauka abin zai zo da sauƙi. Ashe nan tarkon yake. Mu muna cewa rana ta fito, wata ya tsaya, su kuwa le soleil namiji ne, la lune mace. Bakina ya daɗe yana juya su. Sai da na daina rubuta suna tsirara, na koma haɗa shi da le ko la da wata sifa a kowane kati, sannan abin ya daidaita.

Gargaɗi ɗaya ga mai son farawa: kada ka yi zari. Manhajar tana zuwa a saite kan sabbin katuna 20 a rana, kuma kowane sabon kati bashi ne da za ka biya nan gaba. Na taɓa kwanciya rashin lafiya kwana biyar, na tashi na tarar da katuna sun haura ɗari huɗu suna jirana. Saura kaɗan in haƙura. Na dakatar da sabbi har na sauke tsofaffin, sannan na mayar da adadin zuwa 8. Yanzu minti 15 da safe sun ishe ni, kuma ko ranar da jiki ya yi nauyi ba na jin tsoron buɗe ta.

Magana kuwa ba aikinta ba ne, ba ta kuma ce za ta koya maka ba. Wannan sai da mutum. Ina da abokin hira da muke waya sau biyu a mako, duk inda na kakare sai in rubuta, daren nan ya zama kati.

A watan jiya na saurari shirin nan na RFI daga farko har ƙarshe, sai da aka rufe na lura ban buɗe rubutun ba. Jumla biyu kacal na koma nema.